Fasinjan da Tonka Ta Ɗauko a Kurman Dutse

Ƙarfe biyar da rabi na yammacin wata Alhamis, a farkon Oktoba, Tonka ta gangaro tashar jiragen ruwa da jarkar mai a hannu. Aiki ɗaya ya rage mata a ranar. Za ta je Kurman Dutse ta ɗauko Farfesa Bartul, wanda ta sauke can tun safe. Tafiyar minti arba'in ce zuwa, arba'in dawowa.

Baƙi 'yan yawon buɗe ido sun watse daga tsibirinsu tun makon jiya. An jera kujerun shagon kofi an ɗaure su da sarƙa. Ba kowa a bakin ruwa sai Barba Kuzma, tsohon masuncin da ya haura tamanin, yana zaune a kan akwatin kifi yana ɗinke koma.

"Ina zuwa da yammar nan, ɗiyata?"

"Zan ɗauko Farfesa."

"Mai ƙirga tsuntsaye? Shekara goma yana abu ɗaya bai gama ba. Ki ce masa in ya samu sarari ya zo ya ƙirga min haƙora, ba zai ɗauke shi minti ɗaya ba."

Tonka ta san nan ne wurin da ake dariya. Ta motsa leɓe, ta juye man a tanki.

Tsohon ya ɗaga kai ya dubi kudu, inda wani siririn gajimare ya kwanta a kan ruwa. "Iskar kudu na tafe. Gwiwata ta faɗa min tun tsakar rana. Kafin takwas za ta iso, in kuwa ta iso, kwana uku ba mai iya raɓar dutsen nan. Ki yi maza."

"To, Barba."

"Perina, ƙanwar mijinki, ta zo nemanki da tukunyar wake."

"Na gani a ƙofa."

"Kin ci?"

"Zan ci."

Ya kwance mata igiya ya jefa cikin jirgin.

Shekara ashirin da huɗu ita da mijinta Andro suna wannan sana'a. Shi ke tuƙi, ita ke tsaye a gaba tana yi wa baƙi bayani da guntun Jamusanci da guntun Italiyanci. Ga dolfin a dama. Ga kififiya ta ɗago kai. Waɗancan da ke fashe ruwa can nesa, manyan kifayen tuna ne ke korar ƙananan kifi. A watan Afrilu, Andro na shafa wa cikin jirgin fenti, sai ya ajiye buroshi ya zauna a ƙasa, ya ce mata ta miƙo masa ruwa. Kafin ta dawo da kofin ya rigaya ya tafi.

Ba ta yi kuka a coci ba, ba ta yi a maƙabarta ba. Mata suka yi ta magana, wasu suka ce ƙarfin zuciya ne, wasu suka ce wani abu ne dabam. Ita dai ta jira kukan kamar yadda ake jiran jirgin fasinja na birnin Split, bai zo ba. Ta ƙarasa fentin da kanta. Lokacin baƙi ya zo, ta koma aiki ita kaɗai, hannu ɗaya a sandar tuƙi, baki yana maimaita abin da ya saba. Baƙi su yi ihu in sun ga dolfin, su rungume juna, ita tana kallonsu kamar ta bayan gilashi. Abinci ya zama takarda a bakinta. Barci ma haka, ta kwanta, ta tashi, ba komai a tsakani.

Ta fita daga tashar, ta bar hasumiyar fitila a hagu. Teku a kwance yake luf, launin dalma. Ba ta jin komai sai bugun injin da warin mai.

Wajen rabin hanya dolfin suka ɓullo, su bakwai. Ta san su ɗaya bayan ɗaya, har da tsohuwar uwarsu mai tsagaggen fiffike a baya. A da, su kan zo su yi tsere a goshin jirgin, har ruwan numfashinsu ya fantsama wa mutane a fuska. Bana ba su taɓa matsowa ba. Yau ma can nesa suka tsaya. Tsohuwar ta ɗago kai tsaye daga ruwa, ta daɗe tana duban jirgin, sannan duk suka nutse tare. Tonka ta ce a ranta fiton da Andro ya saba yi musu suke nema. Ba ta ƙara tunanin ba.

Rana ta kusa taɓa ruwa sa'ad da Kurman Dutse ya bayyana. Ɗan tsibiri ne na farin dutse zalla, ba itace, ba rijiya, ba abin da ke zaune a kai sai tsuntsayen kaukal da ke haƙa sheƙa a ƙarƙashin duwatsu. Da rana ba a ganinsu, suna can tsakiyar teku suna kiwo. Da yamma su dawo su zauna a kan ruwa ɗari-ɗari, su jira duhu kafin su hau wa 'ya'yansu da abinci. In suka fara kuka, sai ka rantse jarirai ne da tsofaffin mata ake shaƙewa a cikin rami. Mutanen da suna cewa waɗanda teku ya ci ne ke neman hanyar gida. Farfesa Bartul kan ce ƙarya ce tsagwaronta, miji ne kawai ke gaya wa matarsa ya dawo.

Tsohon malamin makaranta ne daga Split. Tun da ya yi ritaya, duk kaka sai ya zo ya sa wa 'ya'yan kaukal zobe a ƙafa kafin su tashi. Kowace Alhamis tun farkon Satumba Tonka ke kai shi ta ɗauko shi. Mutum ne da bakinsa ba ya hutawa. Tun jirgi na nesa yake fara kwaɗa mata adadin da ya samu.

Yau shiru.

Yana tsaye a kan shimfiɗaɗɗen dutsen da ake sauka, cikin rigar ruwansa mai ruwan ɗorawa, ya ja hular rigar ta rufe masa fuska. Ba jaka a bayansa. Tonka ta lura da haka, ba ta tambaya ba. Shirun ya yi mata daidai.

Ta rage totur, ta matsa da jirgin, ta miƙa masa hannu.

Hannun da ya kama nata jiƙe yake sharkaf, da sanyi irin na kifin da ya kwana a ƙanƙara. Ya tako ciki. Jirgin ya nutsa kamar ƙarti uku ne suka shigo tare. Bai gaishe ta ba. Ya wuce goshin jirgin ya zauna, ya ba ta baya.

"An gama, Farfesa?"

Hular ta ɗan sunkuya.

Ta juya jirgin ta nufi gida. Ta kunna fitilar da ke kan sandar tsakiya, don duhu ya fara haɗuwa da ruwa.

Warin ne ya fara isowa. Farfesa kullum warin sheƙar tsuntsu yake dawowa da shi, mai kama da tsohon bargo. Wannan ba shi ba ne. Warin baƙar lakar da ke maƙalewa a anka, ƙarfen tsayar da jirgi, ne in an jawo ta daga wuri mai zurfi.

Sai ɗigar ruwa. Ɗis. Ɗis. Daga gefen rigar yake zuba a kan katako. Ba a yi ruwan sama ba, teku bai fantsama ba. Minti biyar, minti goma, bai tsaya ba. Ya taru ya zama siririn layi, ya biyo tsagar katako, ya zo ya kewaye takalmanta na roba.

Ta dube shi. Ta mai da ido gaba.

Tsuntsayen kaukal sun rufe ruwan da ke gabanta, sun fi ɗari biyar. Kullum in jirgi ya tunkaro su kan dare su ba shi hanya, wasu su ruga a kan ruwa su tashi. Yau ba wanda ya motsa. Dukansu sun juyo da kai suna fuskantar jirgin. Ba kuka, ba kaɗa fiffike. Jirgin ya kutsa cikinsu, tana jin jikinsu mai laushi yana bugun katako. Tuf. Tuf. Tuf.

Wayarta ta yi rawa a aljihun wando.

Ta ciro. Sunan da ke kan gilashin, Farfesa Bartul.

Ta dubi bayan rigar mai ruwan ɗorawa. Hannayensa biyu na kan gwiwoyinsa, ba komai a cikinsu.

Ta kara wayar a kunne.

"Tonka? Ke Tonka, wace irin wasa ce wannan?" Muryarsa ce, tana haki, da iska a bayanta. "Na zame a saman dutse, idon sawuna ya kumbura kamar kabewa. Ina ta jan gindi ina saukowa, ina ɗaga miki hannu, sai na ga jirgi ya zo ya juya. Ruwan shana ya ƙare. Ku juyo, don girman Allah, ku juyo."

Ta tsura wa hular rigar ido.

"Tonka? Kina jina?"

Ta sauke wayar a hankali ta ajiye a kan benci. Muryar ta ci gaba da fita, ƙarama, kamar ƙuda a cikin kwalba. Sannan ta yanke.

Ta jira tsoro. Ta san ya kamata ya zo. Ta laluba ƙirjinta kamar mai laluben aljihu, ta tarar ba komai a ciki.

Abin da ke goshin jirgin ya yi magana, bai juyo ba.

"Kashe injin."

Raɗa ce, amma ta ji ta sarai a kan ƙarar injin. Muryar mace ce. Ta san muryar, ta rasa inda ta san ta.

"Kin gaji. Kashe."

Hannunta ya je ya murɗa makulli. Injin ya yi tari ya mutu.

Shiru ya sauko. Ruwa na lasar cikin jirgin. Fitilar sandar na zuba ɗan haske a kan katako. Daga kudu wata iska mai ɗumi ta shafo mata wuya, jirgin ya ɗaga a hankali, ya sauka.

Abin ya miƙe. Ya juyo. Ya fara takowa, kowane taku katako na kuka a ƙarƙashinsa.

"Wace ce ke?" Tonka ta tambaya. Muryarta ta fito a kwance, kamar tana tambayar kuɗin burodi.

A nan ta gane. Muryar ɗaya ce da tata.

Ya tsaya a ƙarƙashin fitilar ya ture hular baya.

Fuskarta ce. Hancinta, tabon da ke haɓarta, furfurar da ta fara a goshinta. Sai dai fatar ta yi fari ta kumbura, leɓɓan sun yi shuɗi, gashin ya manne da laka. Idanun a buɗe, ba ƙiyayya a cikinsu, ba komai. Irin idanun da take gani a madubi kowace safiya.

"Ba sanyi a ƙasa," in ji fuskar. Ruwa na fita ta gefen bakin. "Ba mai tambayarki ko kin ci."

Tonka ta tsaya tana kallon fuskar.

"Ba safiya," in ji fuskar.

Ya kama wuyan hannunta na hagu, ta saman hannun suwaita. Ba da ƙarfi ba. Kamar yadda ake kama hannun mara lafiya za a kai shi gado.

Ya ja ta zuwa gefen jirgin. Ta bi.

Ta leƙa. Ruwan baƙi ne, sumul. Tsuntsayen sun ja baya, sun bar fili zagaye kamar bakin rijiya.

Ta tuna akwai mutum a kan dutse da kumburarriyar ƙafa. Ta tuna shi kamar labarin da aka taɓa ba ta game da wani.

Ta ɗaga ƙafar dama ta haye gefen jirgin. Ruwa ya cika takalmin.

Gaskiya ne. Ba sanyi.

Ta ɗaga ɗayar.

Wani abu ya daki sandar fitilar da ƙarfi, ya faɗo mata a kafaɗa, ya gangaro cinyarta yana dukan fuskarta da fiffike. Ɗan kaukal ne da ya bar sheƙa a tashinsa na farko, hasken ya ruɗe shi. Ta kai hannun dama ta ture shi. Ya kafa mata lanƙwasasshen bakinsa a naman da ke tsakanin babban yatsa da manuni, ya murɗa.

Zafin ya ratsa hannun, ya hau kafaɗa, ya fashe mata a ka.

Ta ji wata ƙara. Sai daga baya ta gane daga maƙogwaronta take fita.

Kamar jira suke. Tsuntsaye ɗari biyar suka ɓarke da kuka lokaci ɗaya, jarirai da tsofaffi, ta ko'ina, har ruwan na rawa.

Sanyin ya cije mata ƙafa. Tsoron ya iso gaba ɗaya.

Ta faɗa da baya cikin jirgin. Riƙon ya ƙara tsanani, ta ji ƙashin wuyan hannunta na ƙara. Ta miƙa hannun dama, jini na zuba, ta cafki makulli. Ya sulɓe. Ta sake. Injin ya yi gurnani ya yi shiru.

"Kin gaji," in ji fuskar, dab da kunnenta.

Na uku ya kama.

Ta danna totur har ƙarshe, ta banki sandar tuƙi da ƙugu. Jirgin ya zabura ya kwanta a gefe ɗaya. Nauyin nan duka ya zame, ya daki gefen jirgin, ya wuce. Bai fantsama ruwa ba ko kaɗan.

Bai sake ta ba.

Haƙarƙarinta ya bugi katako. Hannunta ya nutse har kafaɗa. Taƙi ɗaya a ƙarƙashin ruwan, fuskarta na kallonta, jirgi na gudu, gashin ko motsi ba ya yi.

Ruwa ya fara kwararowa ta gefen da ya karkata.

Ta tokare gwiwa da benci. Ta sunkuyar da kai, ta zame kafaɗar dama daga cikin suwaitar, ta bar ta ta kwaɓe ta kanta. Ulun ya miƙe. Ya yage. Hannun ya sulɓo, fata ta tafi tare da ulun.

Jirgin ya miƙe tsaye, goshinsa ya ɗaga sama.

Ba ta waiwaya ba.

Da ta dawo hayyacinta, ta ga hasken hasumiyar gida a gabanta, minti ashirin kacal. Kurman Dutse na baya, ta wajen da abin ya nutse. Ta daɗe hannunta na kan sandar. Sannan ta tura ta, ta yi babban zagaye, ta koma.

Igiyar ruwa ta riga ta fara hawa shimfiɗaɗɗen dutsen tana sauka da kumfa. Akwai mutum zaune a bakinsa cikin rigar ruwa mai ruwan ɗorawa. Tonka ta tsayar da jirgin nesa kaɗan, ta haska shi da tocila.

"Yi magana."

"Me?"

"Ka yi magana, Farfesa. Ka ce wani abu."

"In ce me? In ce na gode da kika bar tsoho mai ƙafa ɗaya ya kwana da tsuntsaye? Ɗari da goma sha bakwai na sa wa zobe yau, da za ki tambaya. Matso da jirgin nan kafin ruwa ya tafi da jakata."

Ta matsa. Ba ta miƙa masa hannu ba, ƙugiyar jawo jirgi ta miƙa. Ya jira igiya ta ɗago jirgin, ya jefo jaka, ya faɗo a bayanta yana zagin dutsen da uban dutsen. Jirgin ya ɗan girgiza kamar yadda yake yi in mutum ɗaya ya shigo. Warin tsohon bargo ya cika wurin.

Ya ga hannayenta a hasken fitila, ya ga ba suwaita a jikinta. Ya ciro bandeji daga jaka ya naɗe mata na dama tana tuƙi. A ƙarƙashin benci ya tsinci ɗan kaukal ɗin ya takure, ya ɗauke shi ya sa a kwali ya rufe.

Iska ta fara turo su ta baya. Sun bar dutsen da kamar minti goma sa'ad da Farfesa ya ɗaga kai ya dubi gaban jirgin, ya dubi baya, ya leƙa ƙarƙashin rumfa.

"Ina 'yar'uwar taki?"

"Wace?"

"Matar nan mai baƙaƙen kaya. Wadda ke zama a bayanki."

Tonka ta ƙara damƙe sandar tuƙi.

"Ɗazu ina kallonku da madubin hangen nesa daga sama. Kin zo bakin dutsen, kin miƙa hannu ba kowa a wurin. Sai na ga ta taso daga bayanki ta kama hannun, ta wuce gaba ta zauna. Na ce yau kuma wane sabon salo ne." Ya yi 'yar dariya, ta maƙale masa. "A ina kika sauke ta?"

"Yaushe ka fara ganinta?"

"Kullum tana nan mana. Tun Alhamis ɗin farko. Ina gaishe ta ba ta amsawa, na ce makoki ne, ban so in dame ku ba. Kamarku ta yi yawa, na ɗauka..."

Bai ƙarasa ba. Ya dubi wuyan hannunta na hagu, inda shatin yatsu huɗu ya kwanta fari fat a tsakiyar jan nama. Ya dubi bencin da ke bayanta. Mutumin da shekara arba'in bai taka coci ba ya ɗaga hannu a hankali ya yi alamar gicciye.

"Ba ni da 'yar'uwa," in ji Tonka.

Har suka isa bai ɗauke ido daga bayanta ba. Ita kuma ba ta tambaye shi abin da yake gani ba.

Iskar kudu ta yi kwana huɗu tana dukan tsibirin. Ranar da ta lafa, Farfesa Bartul ya saki ɗan tsuntsun a bakin ruwa, ya hau jirgin Split da sanda a hannu. Da kaka ta zagayo, wani mai jirgi dabam ya ɗauka ya riƙa kai shi dutsen. In sun haɗu a hanya ya kan cire hula ya gaishe ta da kyau, amma idonsa kan wuce kafaɗarta tukuna.

Perina, ƙanwar Andro, ta kwaso kayanta ta dawo gidan da zama, ba tare da an roƙe ta ba. Fada, limamin coci, ya zo ya yayyafa wa jirgin ruwan albarka. Cizon tsuntsun ya warke ya bar tabo. Shatin yatsun bai ɓace ba, kuma ko allura aka soka a wurin ba ta ji.

A watan Mayu ta koma ɗaukar baƙi. Ba ta fita ita kaɗai, kuma ƙarfe huɗu na yi mata a tasha. Ta cire bencin baya ta yi wuta da shi, a tsaye take tuƙi.

Har yau kukan bai zo ba. Akwai ranakun da take jin ɗanɗanon kofi, akwai waɗanda ba ta ji. A irin waɗannan, wajen faɗuwar rana, tana wanke kwanuka ko tana kwashe shanya, sai warin baƙar laka ya taso mata ta baya, ta ji wata gajiya mai daɗi tana saukar mata a kafaɗu. Shi ya sa take yawo da ƙugiyar kamun kifi a aljihun riga. Ta kan sa hannu ta damƙe ta, ta matse har sai zafin ya iso, sannan warin ya ja baya.

Perina ta taɓa kama tafin hannun ta juya shi a haske, ta ga ƙananan huji, sababbi a kan tsofaffi. Ta tambaye ta mene ne wannan. Tonka ta ce aiki ne.

Bara matsa ɗaya ke isarta. Bana sai ta yi uku.